Waiwaye: Yadda mai neman shiga rumbun bayanai ya samu bakin magana

Kwanakin baya na leƙa wani kantin magani a Tudun Wada, nan Kaduna, inda ƙanena ke kula da manhajar da ke riƙe lissafin kaya a rumbun PostgreSQL. Na tambaye shi batun tsaro, ya ce, "Yaya, ai akwai kalmar sirri mai ƙarfi, me kuma ya rage?" Na ce masa ya rage sanin wanda ake miƙa wa ita.

Tun fil azal a PostgreSQL uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, ce ke da ta cewa. A fayil ɗinta na pg_hba.conf ake rubuta hanyar tantancewa, ita kuwa libpq, wato ɓangaren da manhaja ke amfani da shi wajen haɗuwa da rumbun, sai dai ta bi. Idan wani ya kafa uwar garke ta bogi ya ce a turo kalmar sirri tsirara, a take za a tura masa. Idan ma ya ce "shigo" ba tare da tambayar komai ba, manhaja za ta shige ta fara zuba masa bayanai. Wannan ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

An fi shekara goma sha biyar ana dogaro da MD5, wata tsohuwar hanyar sirranta kalmar sirri. A 2017 sigar PostgreSQL ta 10 ta zo da sabuwar hanyar tantancewa mai suna SCRAM-SHA-256, inda kowane ɓangare ke tabbatar wa ɗan'uwansa ya san sirrin ba tare da kalmar ta ratsa waya ba. Gyara ne babba, sai dai ɓarakar tana nan, domin mugu ba dole ne ya zaɓi SCRAM ba. Sigar 13 a 2020 ta kawo saitin channel_binding, wanda ke tilasta SCRAM ɗaure da TLS, wato tsarin da ke sirranta bayanan da ke ratsa waya. A 2021 sigar 14 ta mai da SCRAM hanyar asali ta adana kalmar sirri.

Sai a Satumbar 2023, da sigar 16, aka samu saitin require_auth a libpq. Yanzu manhaja na iya kafewa cewa scram-sha-256 kaɗai ta yarda da shi. Aka nemi wata hanya, ko aka tsallake tantancewar, ta yanke hulɗa.

Ranar nan muka duba, ashe libpq ɗin kantin tsohuwa ce. Muka sabunta ta bayan la'asar, ya ƙara require_auth=scram-sha-256 a layin haɗi. Muka gwada da uwar garken gwaji da ke neman kalma tsirara, manhajar ta ƙi turawa.