Ingancin Injin Ƙirga Sulalla na Banki a Wajen Masu Farautar Sulalla

Injin ƙirga sulalla inji ne da wasu bankuna da manyan kantuna ke ajiyewa, mutum ya zo da kuɗin ƙarfensa ya juye a ciki, injin ya ware su kala-kala ya ƙirga, ya fito masa da rasit, sai ya kai wa kashiya a ba shi takardun kuɗi ko a zuba masa a akawun. Yawancin mutane ba sa damuwa da ko ya ƙirga daidai, don wanda ya shekara yana jefa canji a gwangwani shi kansa bai san nawa ya tara ba, duk abin da inji ya faɗa shi ke nan. Amma akwai wasu mutane da maganar ta tsaya musu a rai sosai, wato masu farautar sulalla a ƙunshi, don su kam sun san nawa suka zuba har zuwa kwabon ƙarshe.

Su waye masu wannan farauta

Abin ya fi yawa a Amurka da Kanada. Mutum ya je banki da takardun kuɗi ya sayi sulalla a farashinsu na asali, a naɗe cikin takarda kamar alawa, ya koma gida ya zauna yana warwarewa ɗaya bayan ɗaya yana neman tsohon kuɗi, ko na azurfa, ko wanda aka yi kuskure wajen buga shi. Abin da ya tsinta ya ajiye, sauran ya maida banki. Ga mu da muka manta rabonmu da riƙe kwandala a hannu abin zai yi kama da rashin aikin yi, amma a can akwai abin tsinta: a sulallan Amurka, inda santi 100 ke yin dala ɗaya, duk daim (sulen santi 10) da kwata (santi 25) da rabin dala da aka buga a 1964 zuwa baya kashi 90 cikin ɗari azurfa ne, rabin dala na 1965 zuwa 1970 kashi 40, sannan akwai nikel (santi 5) na lokacin yaƙin duniya na biyu, 1942 zuwa 1945, masu kashi 35. Masu bin fenni (santi 1) kuma suna neman mai zanen alkama a baya, na 1909 zuwa 1958.

Lissafin ƙunshin sananne ne. Fenni 50 a ƙunshi, santi 50 ke nan. Nikel 40, dala 2. Daim 50, dala 5. Kwata 40, dala 10. Rabin dala 20, shi ma dala 10. Kwali guda kuma ƙunshi 50 ne, don haka kwalin rabin dala dala 500 ne, sulalla dubu cif. To wanda ya ɗauko wannan kwali ya cire guda uku ya san saura 997 ne a hannunsa, dala 498 da santi 50, in rasit ya nuna 496 sai kallo ya koma sama. A al'adarsu ma ba sa maidawa a bankin da suka saya, suna da wani banki daban na juyewa, don kar gobe a sake miƙo musu abin da suka riga suka tace.

Yadda injin yake gane kuɗi

Abu na farko faɗi ne. Sulallan suna faɗawa kan wani faifai mai juyawa da gudu, ya watsa su gefe su yi layi, kowanne ya bi ta kafar da ta yi daidai da shi. Daim shi ne ƙarami, milimita 17.91, sai fenni 19.05, nikel 21.21, kwata 24.26, sulen dala 26.49, rabin dala 30.61. Duba tazarar daim da fenni, milimita ɗaya da ɗan ɗoriya ce kawai, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau goma a daraja, kuma a nan ne yawancin ƙorafi yake taruwa. In daim ya bi hanyar fenni santi 9 ta tafi, in fenni da ya side ko aka matse ya bi ta daim sai kastoma ya ci riba, abin da ba kasafai ake zuwa kai ƙara a kansa ba.

Injinan da suka fi tsada ba su tsaya a faɗi ba, suna da na'urar da ke auna yadda ƙarfen yake amsa wutar lantarki da maganaɗisu, da kaurinsa, duk cikin ƙiftawar ido, wanda bai yi kama da abin da aka saita ba sai a tofar da shi ta wata ƴar kafa a ƙasa. Kamfanoni irin su Cummins Allison da Glory da Scan Coin suna cikin masu ƙera irin waɗannan. Idan injin yana da tsabta, an saita shi kwanan nan, kuma sulallan lafiyayyu ne, gaskiya yana ƙirga daidai fiye da hannun ɗan adam da ya gaji. Matsalar ita ce waɗannan sharuɗɗa uku ba kullum suke haɗuwa ba.

Inda kuskure ke shigowa

Datti ne babba. Mutane suna juye gwangwani da duk tarkacen da ke ciki, gashi, ƙura, maɓalli, ƙusa, allurar haɗa takardu, ɗanƙon alawa, sulallan da lemo ya zube a kansu a mota suka manne da juna, kuma duk wannan yana taruwa a kan idon na'urar. Daim biyu da suka manne za su iya wucewa a matsayin ɗaya, ko su toshe hanya. Lanƙwasasshen sule kuwa shi ne sarkin tsayar da aiki, sai ma'aikaci ya zo da makulli ya buɗe ya zaro, kuma a wannan buɗewar da rufewar ne wasu ke zubewa cikin cikin injin ba tare da an ƙirga su ba. Haka nan idan jakar da ke tara sulallan a cikin injin ta cika, injin yakan tsaya a canza ta, masu juye kaya da yawa sun fi kowa cin karo da wannan, don mai dala 500 na rabin dala zai iya cika jaka shi kaɗai. Rabin dalar ma ba kowane inji ke son sa ba, yana da nauyi da faɗi, babban sulen dala na Eisenhower kuwa na 1971 zuwa 1978 mai milimita 38.1 yawanci ko shiga ba ya yi.

Sai kuɗin ƙasashen waje. Na Kanada da yawa ƙarfe ne mai kama maganaɗisu, injin na kama su ya fitar, ko a wasu injinan su maƙale a ciki su tafi ke nan. Fennin Amurka na 1943 shi ma haka yake, don da ƙarfe aka buga shi saboda ana buƙatar tagulla a yaƙi. Na Panama kuwa girmansu da nauyinsu ɗaya da na Amurka, sai su wuce sumul kamar ƴan gida.

Amma fa a nan ya kamata a yi wa inji adalci, don ba duk gibin da ake gani ne laifinsa ba. Ƙunshin da mafarauci ya saya ma yana iya zuwa da ragi tun farko. Waɗanda kamfanonin jigilar kuɗi irin su Brink's da Loomis suka naɗe da inji sun fi zama daidai, ko da yake su ma wani lokaci a samu ɗaya ya ragu ko ɗaya ya ƙaru, amma waɗanda kastomomi suka naɗe da hannu a gida sai abin da ka gani, wani 39 maimakon 40, wani an cusa fenni a tsakiyar daim, wani da zoben ƙarfe irin na noti a ciki. Wanda bai ƙirga lokacin da yake warwarewa ba, ya je ya ga ragi a rasit, sai ya kama zagin inji alhali tun a kwali aka cuce shi. Laifin daɗi ƙarewa, laifin inji kuma ba shi da bakin kare kansa.

Badaƙalar 2016

Duk da haka akwai lokacin da zargin ya tabbata a bainar jama'a. A da bankin TD yana da injinan da ake kira Penny Arcade a rassansa na Amurka, ya gaje su ne daga bankin Commerce da ya saya. A 2016 shirin Today na gidan talabijin na NBC ya yi gwaji, suka riƙa zuba dala 300 da suka riga suka ƙirga a injina daban-daban, sai aka ga ragi, wani ƴan santi kawai, wani kuwa sama da dala 40. Bankin ya dakatar da injinan, daga baya a shekarar ya ce ya janye su gaba ɗaya, aka kuma kai shi kotu a madadin kastomomi har aka sasanta a kan dala miliyan 7.5. Bankin PNC shi ma ya kwashe nasa a wannan shekarar. Abin da ya biyo baya bai yi wa mafarauta daɗi ba, don maimakon a gyara sai bankuna da yawa suka ga ai gara a huta da kayan rigima, yanzu an fi samun injin kyauta a ƙananan bankuna da ƙungiyoyin adashi na lamuni, su ma sai kana da akawun.

Akwai Coinstar, koren injin nan na manyan kantuna, kamfanin da Jens Molbak ya kafa a 1991. Shi matsalarsa ba ƙirga ba ce, kamasho ne, yana cire sama da kashi 10 cikin ɗari in tsabar kuɗi kake so, wato a kan kwali ɗaya na dala 500 sama da dala 50 ta tafi, wace azurfa za ka tsinta da za ta cike wannan. Shi ya sa mafarauci na gaske ba ya juyewa a can, sai dai in zai karɓi katin sayayya irin wanda ba a cire komai a kansa.

Yadda suke kare kansu

Sikeli ne babban makaminsu, kuma akwai wani abin burgewa a nan: daim na yanzu giram 2.268 ne, kwata 5.67, rabin dala 11.34, in ka lissafa za ka ga dala ɗaya a kowannensu giram 22.68 ce, ko ka cakuɗa su. Jakar dala dubu kilo 22.68 ke nan. Nikel giram 5 cif, shi ma ba wuya. Fenni ne ɗan rigima, wanda aka buga kafin 1982 tagulla ne mai giram 3.11, na bayan nan tutiya ce mai 2.5, a 1982 ɗin kuma an buga duka biyun, don haka ba a auna shi sai dai a ƙirga. Kuma gara a auna kaɗan-kaɗan, don a tsibi babba sidewa da datti sukan ɓoye ragin sule ɗaya ko biyu.

Wasu kan fara gwada injin da ƙunshi ɗaya ko biyu da suka tabbatar, in ya faɗi daidai sannan su juye sauran, a hankali ba tuli guda ba, kuma su karɓi rasit a kowane zubi. In an samu gibi a yi magana nan take kafin wani ya zuba nasa, don a lokacin ne kawai za a iya buɗe jaka a duba. Ragin santi 50 a kwali ba ya kashe kowa, amma mai juye dala dubu duk mako yana wuce da dala dubu 52 ta cikin inji a shekara, kuskuren ɗaya cikin dubu ma dala 52 ce, ga shi akwai makonnin da ake tace kwali biyu a tashi hannu rabbana. Sai dai kuma yawan tada jijiyar wuya a kan santi 30 kan sa manaja ya ce daga yau a daina kawo masa, su ma sun san da haka, da yawa sukan haɗiye ƙaramin ragi don kar su rasa wajen juyewa.

Ƴar kafar da injin ke tofar da abin da bai gane ba ita ma wajen farauta ce. Kwatar azurfa giram 6.25 ce, daim ɗin azurfa 2.5, kuma ƙarfensu ba ya amsa na'ura kamar na yanzu, sai injin ya ɗauke su jabu ya fitar, mai kuɗin kuma ya ɗauki rasit ya yi gaba bai waiga ba. Shi ya sa za ka ga mafarauci ya shigo kanti sayen burodi, ya ɗan ratse ta wajen injin, ya sunkuya ya zura yatsa.