Grand-Guignol: Gidan Wasan Tsoro na Birnin Paris

Grand-Guignol ƙaramin gidan wasan kwaikwayo ne da ya yi zamani a unguwar Pigalle ta birnin Paris, a ƙasar Faransa, daga 1897 zuwa 1962. Ya yi suna wajen nuna kisa da yanka da ƙwaƙule ido da hauka a kan dandamali, ƙiri-ƙiri a gaban 'yan kallo. An samo sunan daga Guignol, ɗan tsanan wasa na birnin Lyon.

Oscar Méténier ne ya kafa shi a wata tsohuwar majami'a da ke titin Chaptal, mai kujeru ƙasa da 300, mutum-mutumin mala'iku biyu na katako kuma suna leƙo jama'a daga sama. Méténier ya taɓa aiki a ofishin 'yan sanda, don haka wasanninsa sun karkata ga rayuwar karuwai da ɓarayi da talakawan birni. Sai da Max Maurey ya karɓi ragama a 1898 ne aka mayar da tsoro babbar haja. Maurey gwanin talla ne. Ya ajiye likita a gidan saboda masu suma, yana kuma auna nasarar wasa da yawan waɗanda suka sume.

A dare guda akan nuna gajerun wasanni biyar ko shida, ana sirka na ban tsoro da na ban dariya, domin duk wanda ya saki jiki da dariya ya fi saurin firgita. Aljanu da fatalwa ba su cika fitowa ba. Abin tsoron a nan ɗan Adam ne, kamar likitan da ya zauce ko mahaukatan da suka ƙwace asibiti. André de Lorde, wanda ya rubuta wa gidan wasanni sama da 100, har haɗa hannu ya yi da masanin halayyar ɗan Adam Alfred Binet don haukan da ake nunawa ya yi kama da na gaske. A zamanin Camille Choisy, daga 1914 zuwa 1930, dabarun jinin ƙarya da fitilu da sauti suka kai ƙololuwa. A lokacin ne 'yar wasa Paula Maxa ta shahara da yawan mutuwa a dandamali.

An gwada irin wannan wasa a Landan tsakanin 1920 da 1922, amma masu tace wasanni na Ingila suka hana shi sakat.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwa ta ja baya. Fina-finai sun janye 'yan kallo, kuma shugaban gidan na ƙarshe, Charles Nonon, ya danganta faɗuwar da ta'asar sansanonin 'yan Nazi, wadda jinin ƙarya ba zai iya gogayya da ita ba. Har yau a Faransanci da Turanci ana kiran duk wasan da ya wuce gona da iri wajen zubar da jini da sunan gidan. Ginin kuwa yana nan, wata ƙungiyar kurame ce ke wasa a cikinsa da maganar hannu.