Koyon Kimiyyar Kwamfuta da Rubuta Manhaja

Koyon rubuta manhaja horo ne da mai farawa ke samu domin ya iya tsara umarnin da kwamfuta za ta bi, cikin ɗaya daga harsunan da aka ƙirƙira saboda haka. Kimiyyar kwamfuta ta fi shi faɗi, domin ta ƙunshi nazarin matakan warware matsala, wato algoridim, da hanyoyin jera bayanai, da lissafin da ke nuna abin da na'ura za ta iya da wanda ba za ta taɓa iyawa ba. Galibin ɗalibai ta ƙofar rubuta manhaja suke shiga, shi ya sa ake yawan gwama biyun.

Tarihi

Jami'ar Cambridge ta Ingila ta fara bayar da difloma a fannin a 1953, kuma ana yawan ambatonta a matsayin ta farko a duniya. A Amurka, Jami'ar Purdue ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta a 1962. Ɗalibin wancan zamani ba ya taɓa na'urar da hannunsa. Yakan huda umarninsa a kan katuna, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta, sannan ya jira awoyi, wani lokaci har washegari. Idan ya manta waƙafi ɗaya tak, jiran ya tashi a banza, sai ya sake bin layi.

Wannan jira ne John Kemeny da Thomas Kurtz suka yi wa magani a Kwalejin Dartmouth a 1964. Sun ƙirƙiro harshen BASIC tare da tsarin da ke ba ɗalibai da yawa damar amfani da na'ura guda a lokaci ɗaya, kowa a gaban nasa allon bugawa, amsa na dawowa nan take. Burinsu shi ne har ɗaliban da ba na kimiyya ba su iya. Daga wajajen ƙarshen shekarun 1970, ƙananan kwamfutocin gida suka riƙa zuwa da BASIC a cikinsu, mutum na kunnawa ya tarar na'urar tana jiran umarninsa. BBC Micro, wadda ta fito a 1981, ta shiga makarantun Birtaniya da yawa da irin wannan tsari.

Ba kowa BASIC ya burge ba. Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, ya caccake shi a 1975, yana ganin harshen na koya wa ɗalibi ɗabi'un da ke da wuyar bari. Masu irin wannan ra'ayi sun fi karkata ga Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a Suwizalan a 1970 musamman don koyar da rubutu mai tsari. Pascal ya daɗe yana jan zarensa a jami'o'i. Jarrabawar kimiyyar kwamfuta ta AP, wato ta darussan matakin jami'a, da ɗaliban sakandare ke yi a Amurka ta fara da shi a 1984, ta koma C++ a 1999, sannan Java a 2004.

Wani reshe kuma yara ya fuskanta. A 1967 Seymour Papert, wanda ya yi aiki da masanin tunanin yara Jean Piaget a Janiba, ya haɗu da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka samar da harshen Logo. Abin da ya fi shahara a cikinsa shi ne "kunkuru", wata 'yar na'ura ko alama a allo, da aka ƙara daga baya: yaro ya umarce shi ya yi gaba, ya juya dama, shi kuwa yana jan layi a bayansa. In zanen ya karkace, yaron da idonsa zai ga inda tunaninsa ya kauce. Daga wannan tushe harshen Scratch ya tsiro a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka a 2007, ƙarƙashin Mitchel Resnick. A nan ba a buga umarni, guntayen tubala masu launi ake janyowa ana haɗawa, kuma wanda bai dace ba ba zai ma shiga ba. Shi ma Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya gaji abubuwa da yawa daga ABC, harshen da aka tsara don masu farawa a Amstadam.

Abin da ake fara koya

Bisa al'ada, manhajar farko ita ce mai rubuta "hello, world" a allo, al'adar da ta yaɗu ta littafin harshen C na Brian Kernighan da Dennis Ritchie na 1978. Daga nan sai adana ƙima ƙarƙashin suna, da sharaɗi na "idan kaza ne, yi kaza", da maimaita umarni, da dunƙule aiki wuri guda a ba shi suna don a kira shi duk lokacin buƙata. Waɗannan suna cikin kusan kowane harshe, don haka harshe na biyu ya fi na farko saurin shiga kai. Kaso mai tsoka na lokacin ɗalibi yana tafiya ne wajen neman kuskure, fasahar da littattafai ba su cika ba ta haƙƙinta ba.

Yanayin yau

Darussan jami'a kyauta ta intanet sun bunƙasa daga 2012, shekarar da aka kafa shafukan koyarwa na Coursera da edX. Ingila ta sanya fannin cikin darussan dole na makarantun gwamnati tun daga 'yan shekara 5 a 2014.

Saɓanin ra'ayi

Malamai ba su daidaita kan harshen da ya fi dacewa a fara da shi ba, haka nan kan yawan lissafin da ɗalibi ke buƙata. Tun fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, a 2022 aka ƙara wata muhawarar: ko ya dace mai koyo ya bar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa abin da bai riga ya iya karantawa ba.