Kafin ka sayi sabon batir, gano abin da ke shanye na cikin motar

Mu ma'aikatan lafiya da ke zagaya unguwannin Kano, idan muka zauna da magidanta kan shirin haihuwa, akwai tambayar da ba ma tsallakewa: idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, ko yaro ya fara jijjiga, motar wa za a ɗauka? Yawanci akwai amsa. Ta maƙwabci, ko ta ƙanin maigida. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a 2023, motoci da yawa kan yi kwana uku ko mako guda a ajiye, ba a taɓa su sai da dalili. Ranar da aka murɗa makulli cikin gaggawa sai a ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dushe. Daga Ɗorayi ko Rijiyar Lemo zuwa Asibitin Murtala ba wata tafiya ba ce idan mota ta tashi. Idan ta ƙi, neman masu turi da ƙarfe biyun dare yana cinye lokacin da marar lafiya ba ta da shi, kuma mota mai giyar otomatik ko an tura ta ba za ta tashi ba. Wannan ne ya sa nake ɗaukar maganar batir a matsayin maganar lafiya.

Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su nufi Kofar Ruwa ko Sabon Gari su sayo sabon batir. Wani ya dace. Wani kuma bayan mako biyu ya sake wayar gari da matsalar, ya koma yana rigima da mai shago cewa an sayar masa da jabu, alhali kayan lafiyarsa ƙalau. Idan ka cika randa da daddare ka tarar da ita wayam da safe, ko dai ta tsage, ko tun farko ba ta cika ba, ko wani na ɗiba kana barci. Haka batir yake: ko shi ne ya gaji ba ya riƙe caji, ko altaneta, wato na'urar da ke yi masa caji idan inji na aiki, ba ta cika shi, ko akwai abin da ke jan wuta bayan an kashe mota. Sabon batir na farkon kawai yake magancewa.

A fara da ido da hannu. Buɗe bonet, ka kama kan batir ka girgiza. Idan yana juyawa a hannunka, ko ka ga farin gari ko kore-kore ya taru a kansa, mai yiwuwa batirin na da wuta, hanyar fitarta ce ta toshe. A kwance, a wanke da ruwan kanwa da tsohon buroshin haƙori, a shanya, a ɗaure tamau. A kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin ramukan batirin, domin yana kashe ƙarfin ruwan da ke ciki. Saman batirin ma a goge shi. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin ruwan batir takan zama siririyar hanyar da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu. Idan batirin mai murafe ne, duba ko ruwan ya rufe farantan ciki. Zafin Kano na watannin Maris zuwa Mayu, da yakan haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan, yana kuma tsufar da batir da wuri, shi ya sa a nan wanda ya yi shekara biyu zuwa uku ya riga ya fara gangara. Idan ruwan ya yi ƙasa, tataccen ruwan da ake sayarwa domin batir ake ƙarawa. Ban da ruwan burtsatse, ban da fiya wata, ban da ƙarin asid. Batirin da ya kumbura ko ya tsage kuwa babu sauran gwaji a kansa, sai canji.

Daga nan sai mita. Ƙaramar mitar lantarki irin ta masu gyaran rediyo ta wadatar, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na batir ba. A juya ta zuwa wajen V na wutar batir, a ɗora jan tsinke a kan mai alamar ƙari, baƙi a kan mai alamar ragi, bayan motar ta huta wasu awanni. Cikakken batir zai nuna wajen 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa kusan babu komai. Sai wani ya tayar da motar kai kana kallon mita: a daidai lokacin da kik ke juyawa, bai kamata lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan an yi masa cikakken caji amma yana faɗuwa ƙasa da haka, batirin ya gaji. Da inji ya kama, lambar ta hau zuwa tsakanin 13.7 da 14.7. Idan ta tsaya a sha biyu da 'yan kai, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki. Idan ta haura 15, tana dafa batirin ne, kuma wannan ma kisa ne a hankali.

Akwai kuma wanda altanetarsa lafiya lau, amma tafiyarsa ce ba ta isa. Daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kai yara makaranta, sai tsayuwa a cunkoson Kantin Kwari da na'urar sanyaya mota da rediyo a kunne. Kowace tayarwa tana ɗiba, gajeriyar tafiya ba ta mayarwa.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, saura na uku, kuma shi ne ya fi wahalar da mutane domin ba a ganinsa. Akwai gwajin da ba ya buƙatar ko mita. A kai batir a yi masa cikakken caji, a mayar, sannan a cire kan ragi a ajiye shi gefe inda ba zai taɓa komai ba. A bar motar adadin kwanakin da ta saba mutuwa a cikinsu. Idan aka mayar da kan ta tashi garau, batirin ba shi da laifi, ɓarawon yana cikin motar. Idan aka tarar ya sauka alhali babu abin da ke haɗe da shi, shi ne ke zubar da cajinsa da kansa. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, wasu rediyoyin ma sai an sa musu lambar sirri, don haka a tabbatar ana da ita kafin a cire.

Kowace motar zamani tana shan 'yar wuta ko a kashe take, domin agogo da ƙwaƙwalwar mota da makullin rimot. Wannan bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba, wato 0.05 a mita. Da irin wannan sha, lafiyayyen batir zai yi makonni. Amma ɗauki ƙaramin ƙwan fitilar but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa. Yana jan kusan amfiya 0.4, wanda a kwana guda ya kusa amfiya-awa 10. Batirin ƙananan motocinmu yawanci amfiya-awa 60 zuwa 75 yake ɗauka. Cikin kwana uku ƙwan da bai kai ɗan yatsa ba ya kwashe kusan rabin sabon batir, balle tsoho da ƙarfinsa ya riga ya ragu. Kuma ba za ka taɓa kama shi ba, domin duk lokacin da ka buɗe but daidai ne ka gan shi a kunne. Dabarar ita ce ka kunna bidiyon wayarka, ka sa ta a ciki, ka rufe, ka ɗan jira, ka buɗe ka kalla. Haka za ka yi wa ƙaramin akwatin gaban fasinja.

Auna shan wutar kansa aiki ne na natsuwa, kuma ko ba da hannunka za ka yi ba, ya kamata ka san yadda ake yi domin ka gane ko rewayan da ka je wurinsa ya san aikinsa. Ana kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A mayar da jan tsinken mita ramin da aka rubuta 10A, a juya ta zuwa ma'aunin amfiya. A cire kan ragi, a sa tsinke ɗaya a jikin sandar batirin, ɗayan a jikin wayar da aka cire, yadda duk wutar da motar ke ja sai ta ratsa ta cikin mita. Kada kowa ya murɗa makulli a wannan hali, domin kik na jan sama da amfiya 100, nan take zai ƙona mitar. Sannan a jira. Da farko lambar za ta yi sama, saboda na'urorin motar ba su kwanta ba tukuna. Wasu motocin sai sun yi rabin awa, wasu har awa guda. Mai gaggawa a nan yake yanke hukuncin kuskure. Idan bayan jiran lambar ta zauna a 0.03, babu ɓarawo. Idan ta tsaya a 0.3 ko 0.8, sai a koma akwatin fis, a riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita, kowanne a mayar da shi raminsa kafin a zare na gaba. Fis ɗin da aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne ke da matsalar, kuma murfin akwatin yakan nuna abin da ke kan layin. Da an gama, a mayar da jan tsinken ramin V nan take. Wanda ya manta ya ɗora shi a kan batir haka, ya haɗa kawunan biyu kai tsaye ke nan.

Rewaya na ƙwarai, kafin ya taɓa komai, zai tambaye ka: "Alhaji, me aka ƙara wa motar nan kwanan nan?" Tambaya ce mai kyau, domin a garin nan yawancin ɓarayin wuta mu muke saka su da kuɗinmu. Rediyo mai allo da aka haɗa wayarsa da layin da ba ya mutuwa. Amfilifaya a but. Na'urar bin sawun mota ko ƙararrawar ɓarayi da aka murɗa wayoyinta da hannu aka naɗe da baƙin tef a ƙarƙashin sitiyari. Cajar waya da aka bari a soket, a motocin da soket ɗinsu ke da wuta ko an zare makulli. Motocin Kwatano kuma wani lokaci sukan zo da tsofaffin na'urorin da mai su na can ya saka, babu wanda ya san da zamansu. Idan an zare fis duka lambar ba ta motsa ba, to abin an haɗa shi kai tsaye da batir, ko kuma diyod ɗin cikin altaneta, wato ɗan abin da ke hana wuta komawa baya, shi ne ya lalace yana mayar da wuta baya. Irin wannan altanetar tana iya nuna caji da rana, da daddare ta shanye abin da ta zuba. Wannan gwajin a bar wa rewaya.

Akwai gwaji biyu da suka zama ruwan dare a garejinmu, ina roƙon a daina su. Na farko, cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko altaneta na caji. A tsofaffin motoci an sha yi an tsira, amma a motar da ke da ƙwaƙwalwa, wutar da ke tashi a wannan lokacin tana iya ƙona ta, kuma kuɗinta ya ninka na batir. Na biyu, ɗora waya ko sifana a kan kawunan biyu don a ga tartsatsi. Batir yana fitar da iskar haidurojin, musamman lokacin caji da bayansa, kuma tartsatsi ko wutar sigari na iya tarwatsa shi a fuskar mai leƙawa. Ruwan da ke ciki asid ne mai cin nama. Idan ya fantsama a ido, kada a tsaya neman magani ko madara ko mai: ruwa mai tsabta za a yi ta kwarara wa idon a buɗe, aƙalla minti 20, sannan a garzaya asibiti, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Murtala, ko asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari. Kafin a fara aiki a cire zoben azurfa da agogon ƙarfe. Kan ragi ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe.

Wasu kan bar mota tana aiki a rufaffen gareji ko a zaure don batir ya samu caji. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyalai masu kwana da janareta a cikin gida. A fito da motar fili. Kuma batirin da ya sauka ƙasa sosai, zaman inji a tsaye ba ya cika shi. A kai wa mai caji ya yi masa a hankali na awanni. Duk saukar da ya yi har ƙasa tana rage masa kwana, don haka kada a bar shi a mace har mako.

Mai shirin doguwar tafiya, aikin Hajji ko Umara ko wata guda a ƙauye, ya cire kan ragi kafin ya tafi. Motar da unguwa ta dogara da ita don gaggawa kuma, a fitar da ita sau ɗaya a mako a yi tafiyar rabin awa a buɗaɗɗen titi, kuma a san wanda ke da wayar haɗa batir a layin.

Idan gwaji ya tabbatar batirin ne ya mutu, kada tsohon ya kwana a tsakar gida. Cike yake da dalma, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon sarrafa duwatsun zinare masu ɗauke da ita a cikin gidaje. A jikin ƙaramin yaro, kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta gyaruwa. Kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a bar almajirai ko yaran gida su narka farantansa. A ɗauke shi a tsaye, a kai wa mai sayar da batir. Yawancinsu suna karɓa su rage maka kuɗin sabo.