Mashigin Sani: Shirin Ƙetare Iyakar Afirka ta Kudu da Lesotho a Mota Tare da Ja-gora

Mashigin Sani hanya ce ta cikin duwatsun Drakensberg da ta haɗa lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu da gundumar Mokhotlong ta ƙasar Lesotho. Tana cikin fitattun hanyoyin da masu yawon buɗe ido ke bi da mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira fowil, a ƙarƙashin kulawar ja-gora. Akasarin tafiyar yini ɗaya ce: a tashi da safe daga garin Underberg ko Himeville, a hau zuwa ƙoli mai tsayin kimanin mita 2,870 daga doron teku, a shiga Lesotho, a sauko kafin a rufe iyaka. Gajeriyar tafiya ce, amma ta haɗa abubuwa uku da kowannensu ke iya mayar da matafiyi gida: takardun ƙasa biyu, hanya mai tsananin hawa, da yanayin da ke juyawa cikin sa'a guda.

Asalin hanyar

Kafin mota ta san wurin, turba ce ta alfadarai da jakuna. Basotho, wato mutanen Lesotho, kan sauko da ulun tumaki da gashin awaki daga tsaunuka, su musanya su da garin masara, barguna da sauran kayan masarufi a shagunan da ke gindin dutse. A shekarar 1948 wani tsohon matuƙin jirgin saman yaƙi, Godfrey Edmonds, ya zama mutum na farko da ya kai mota ƙoli, da wata jif ƙirar Willys. A 1955 David Alexander ya kafa kamfanin sufuri na Mokhotlong Mountain Transport, wanda ya fara jigilar kaya da mutane a kai a kai. Har yau hanyar ba ta 'yan yawo kaɗai ba ce. Motocin haya na Basotho na bin ta kullum, kuma ya kamata baƙo ya riƙe wannan a ransa idan ya tsaya ɗaukar hoto a kan kwana.

An shimfiɗa kwalta daga ƙasa har zuwa shingen iyaka na Afirka ta Kudu, haka ma daga ƙoli zuwa Mokhotlong. Abin da ya rage na burji da duwatsu shi ne kimanin kilomita 8 da ke tsakanin shingayen biyu, inda hanya ke ɗagawa wajen mita 900. Hukumomin Afirka ta Kudu ba sa barin motar da ba fowil ba ta wuce shingensu zuwa sama.

Takardun mutum

A nan ne ya fi kamata a ɓata lokaci, domin gyaran mota ana yin sa a rana ɗaya, biza kuwa takan ci makonni. Ko da awa uku kawai mutum zai yi a Lesotho, a idon doka ya fita daga wata ƙasa ya shiga wata. Za a buga masa hatimi sau huɗu: fita da shiga wajen hawa, fita da shiga wajen sauka. Saboda haka fasfo na asali ake riƙewa, ba kwafi ko hotonsa a waya ba, kuma a tabbata akwai sauran shafuka da ba a buga komai a kansu ba. Afirka ta Kudu na sharɗanta cewa fasfo ya kasance yana da sauran rai na aƙalla kwana 30 bayan ranar barin ƙasar.

Ga wanda ke buƙatar biza kafin shiga Afirka ta Kudu, kamar mai fasfon Najeriya, akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Idan bizar ta shiga sau ɗaya ce, da zarar an buga hatimin fita a gindin dutse ta ƙare aiki, kuma babu damar dawowa da yamma. Lesotho kuwa Afirka ta Kudu ce ta kewaye ta ta ko'ina, don haka ba wata ƙofar da za a bi. Dole a nemi biza mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya tun daga gida. Sharuɗɗan bizar Lesotho daban suke, sun danganta da ƙasar mai fasfo, kuma daga hukumar shige da fice ta ƙasar ake tabbatar da su, ba daga bakin mai sayar da tikitin yawo ba.

Wanda ya taso daga ƙasar da ake fama da cutar shawara, irin su Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi da Sudan, sai ya riƙe katin rigakafinsa a jikinsa. Mai tafiya da yara ya ɗauki takardar haihuwarsu, da takardar amincewar uwa ko uban da ba ya cikin tafiyar. Inshorar lafiya kuma a karanta ta da kyau a ga ko ta ambaci ƙasashen biyu.

Zaɓen ja-gora

Tafiyar iri biyu ce. Ko dai mutum ya zauna a motar kamfani ja-gora ya tuƙa, ko ya tuƙa tasa cikin ayari yana bin motar ja-gora. Dokar yawon buɗe ido ta Afirka ta Kudu ta 2014 ta wajabta wa kowane ja-gora yin rajista, kuma yana da baji da katin shaida da za a iya neman gani. Direban da ke ɗaukar fasinja don kuɗi yana buƙatar lasisi na musamman, kamfanin kuma izinin ƙetare iyaka da fasinjoji. Babu laifi a tambayi waɗannan kafin a biya. Kamfanin kirki ba ya jin haushin tambayar. A tambaya kuma me zai faru da kuɗin idan ƙanƙara ta rufe hanya, da ko akwai kayan agajin gaggawa a motar.

Mota da tuƙi

Mai zuwa da motarsa zai riƙe takardar rajistarta. Idan ta haya ce ko ba a gama biyan bashinta ba, sai an haɗa da wasiƙar izinin fitar da ita daga ƙasa, daga kamfanin haya ko banki. Ba kowane kamfanin haya ke yarda motarsa ta hau Sani ba, wani kuma inshorarsa ba ta shafi abin da ya faru a can ba. A shingen Lesotho ana biyan kuɗin hanya. Ƙasashen biyu a hannun hagu ake tuƙi, abin da ke buƙatar sabo ga direban da ya taso a Afirka ta Yamma.

A sha mai a Underberg ko Himeville, domin bayan nan sai Mokhotlong. A duba birki, ruwan inji, tayar safaya da jak. Ja-gorori kan sa a ɗan rage iskar taya don ta fi kama ƙasa, a kuma sa ƙaramar giyar fowil kafin a fara kwanonin ƙarshe, ba a tsakiyarsu ba. Iska tana sirancewa a sama, shi ya sa injin da ba shi da turbo ke rage ƙarfi sosai. Amma saukowa ta fi hawa haɗari. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga ƙoli, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Inji ne ya kamata ya riƙe motar a giya ta ɗaya ko ta biyu. Ƙa'idar hanyar ita ce mai saukowa ya kauce wa mai hawa, domin tayar da mota daga tsaye a irin wannan hawan ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanayi da agogo

Damina da hunturun can a juye suke da na arewacin duniya. Daga Yuni zuwa Agusta sanyi ne mai tsanani, dusar ƙanƙara kan zuba, wasu kwanonin da rana ba ta haska su kuma sukan kwana su wuni da ƙanƙara, musamman wanda ake kira Ice Corner. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ne da tsawa, yawanci da rana tsaka zuwa la'asar, da hazo mai hana ganin gaba. Ko a wane wata, a tafi da rigar sanyi mai kauri, hula, rufaffen takalmi da ruwan sha. A tsayin da ya haura mita 2,500 wasu kan ji ciwon kai, jiri ko haki; mai ciwon zuciya ko na huhu da mai juna biyu su nemi shawarar likita tukuna.

Iyakar kan buɗe daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma. Wanda ya makara a sama, a sama zai kwana, don haka idan ja-gora ya ce a tashi, ba gaggawar banza yake yi ba.

A ƙoli

Bayan shingen Lesotho ƙasa kan buɗe ta zama fili mai faɗi ba bishiya, da makiyaya lulluɓe cikin barguna suna kiwon tumaki. Wasu tafiye-tafiyen kan ƙara gaba zuwa mashigin Kotisephola mai tsayin kimanin mita 3,240, daga inda ake hango Thabana Ntlenyana, dutse mafi tsayi a kudancin Afirka, mai mita 3,482. Gangaren da aka hawo yana cikin gandun Maloti-Drakensberg, wanda UNESCO ta fara sanya ɓangarensa na Afirka ta Kudu cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ba a tsinkar tsiro, ba a barin shara.

Kuɗin Lesotho, loti, darajarsa ɗaya da rand, kuɗin Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar rand a can, sai dai loti ba ya ci a Afirka ta Kudu, don haka a kashe canjin kafin a sauko. Layin wayar Afirka ta Kudu ba lallai ya yi aiki ba sai an buɗe masa damar aiki a ƙetare. Abincin rana galibi a masaukin ƙoli ake ci, wanda ya yi suna da mashayarsa. Mai kiyaye abin da yake ci ya faɗa wa kamfani tun da wuri ko ya taho da guzurinsa. Idan an kai ziyara ƙauye, a fara da gaisuwa, "Lumela" ko "Khotso", a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum, a kuma riƙe ƙananan kuɗi don sayen burodin gida ko kayan saƙa kai tsaye daga hannun masu yin su.