Kiriyatinin: abin da lambar nan take faɗa game da ƙoda

A takardar gwajin jini da ake rubuta wa E/U/Cr a asibitocin Najeriya, haruffa biyu na ƙarshe ne ido ke fara sauka a kansu idan ana zargin ƙoda. Cr ɗin nan shi ne kiriyatinin. Ɗalibin jinya yakan haddace cewa na babban namiji yana tsakanin 60 da 110 mikromol a kowace lita, na mace kuma ya ɗan yi ƙasa da haka, ya ci jarrabawa, ya shigo ɗakin majinyata da wannan hadda. Idan lamba ta faɗo cikin iyaka sai ya ce ƙoda lafiya lau. Majinyata da yawa sun cutu da irin wannan karatu.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, waɗanda ake kira nefron. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta nan yake bi. A kwana ɗaya matatan nan suna tace ruwa kimanin lita 180, jiki ya sake tsotse kusan dukkansa, abin da ya rage, wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Yawan abin da ake tacewa a minti ɗaya shi ake nufi da GFR, kuma shi ne ainihin ma'aunin aikin ƙoda. A jikin matashi mai lafiya yakan kai mililita 90 zuwa 120. Auna shi kai tsaye yana da wahala da tsada, shi ya sa ake neman wani abu a cikin jini da zai tsaya a madadinsa.

Kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa. Kullum tsokar mutum tana zubar da kusan adadi ɗaya cikin jini, ƙoda kuma ta tace shi ta fitar ba tare da ta mayar da shi jiki ba. Saboda haka idan tacewa ta ragu, sai ya taru. Ƙa'idar da ta fi amfani a riƙe ita ce: idan aikin tacewa ya ragu da rabi, kiriyatinin zai ninka sau biyu. To, duba abin da wannan ke nufi. Matar da lambarta ta saba zama 50, aka auna yau aka ga 95, takardar ɗakin gwaji ba lallai ta sa mata jan layi ba. Amma kusan rabin aikin ƙodarta ya tafi.

Sai batun tsoka. Tunda daga tsoka yake fitowa, lamba ɗaya ba ta nufin abu ɗaya a jikin mutum biyu. Cockcroft da Gault sun fitar da wani lissafi a 1976 wanda har yau ake amfani da shi wajen daidaita magani: a cire shekarun mutum daga 140, a ninka da nauyinsa a kilo, a ninka da 1.23 ga namiji ko 1.04 ga mace, a raba da kiriyatinin. Ɗauki saurayi ɗan shekara 25 mai kilo 80, da tsohuwa 'yar shekara 75 mai kilo 45, dukkansu takarda ta nuna 100. Tacewar saurayin za ta fito wajen mililita 113 a minti. Ta tsohuwar 30. Idan aka ba ta allurar jentamaisin, maganin ƙwayoyin cuta da ƙoda ke fitarwa, yadda za a ba shi, an ƙara mata ciwo da hannu. Haka abin yake ga wanda tarin fuka ko doguwar jinya ta ramar, da wanda aka yanke wa ƙafa: lambarsu takan yi kyau a takarda alhali ƙodar tana jan jiki. Masu sikila ma nasu yakan yi ƙasa, don haka ɗan hawa kaɗan a wurinsu abin dubawa ne.

Mai juna biyu tata daban ce. Cikinta yana ƙara aikin tacewa da kusan rabi, kiriyatinin ya sauka. Idan aka ga 90 a jikin mai ciki, musamman mai hawan jini da kumburin ƙafa da furotin a fitsari, a kira likita, domin jijjiga ba ta da nisa da irin wannan hoto.

Babban rauninsa shi ne makara. Kamar randa ce mai huda a gindi da ake zuba wa ruwa daidai gwargwado: in hudar ta toshe da safe, ba da safen ruwa zai kai baki ba. Mutumin da kwalara ta zuƙe, ko matar da ta zubar da jini bayan haihuwa, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa mugun kamu, ƙodarsu na iya tsayawa yau, kiriyatinin bai nuna sosai ba sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ƙa'idojin KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, na 2012 sun ce an samu raunin ƙoda na farat ɗaya idan lambar ta hau da 26.5 cikin awa 48, ko ta kai ninki ɗaya da rabi na yadda aka san ta cikin kwana bakwai, ko kuma fitsari ya gaza rabin mililita ga kowane kilo a kowace awa har na tsawon awa shida. Na ukun nan ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko kuɗin majinyaci. Mai kilo 60 ya kamata ya ba da aƙalla mililita 30 a awa, wato 180 a awa shida. Nas ce ke riƙe da wannan awo, kuma a ganina shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a ɗakunan majinyata. A bar jakar fitsari har ƙarshen aiki, sannan a ƙiyasta da ido a cike takarda, ko a tambayi mai jinya "Baba ya yi fitsari?" a rubuta e. Wannan ba awo ba ne.

A wasu takardun za a ga eGFR kusa da kiriyatinin. Ƙiyasi ne da kwamfuta ke yi daga kiriyatinin da shekaru da jinsi. A da lissafin yana ƙara wa baƙar fata maki, bisa zaton sun fi tsoka, abin da ya sa ƙodar wasu ta yi kyau a takarda fiye da gaskiya; lissafin CKD-EPI na 2021 ya cire wannan ƙari. Da eGFR ake raba matakan ciwon ƙoda mai daɗewa, wanda sai matsala ta wuce wata uku ake kiransa haka: ƙasa da 60 an shiga mataki na uku, ƙasa da 30 na huɗu, ƙasa da 15 na biyar, inda ake fara maganar wankin ƙoda ko dashe. Ƙiyasin ba ya aiki idan lambar tana hawa ko sauka kullum, ba a kuma dogara da shi ga mai ciki, yara kuwa lissafinsu daban ne.

Wani lokaci lambar takan hau ƙoda kuma lafiya take. Wanda ya ci tsire ko kilishi da yawa kafin a ɗebi jini zai iya nuna ɗan ƙari. Septrin da simetidin da dolutegrabir, wanda ke cikin maganin da yawancin masu ɗauke da cutar HIV ke sha yanzu, suna rage fitar kiriyatinin ba tare da sun rage aikin tacewa ba. Amma tenofobir da ke cikin ƙwayar guda yana iya cutar da ƙoda da gaske, don haka ba nas ce za ta yanke hukunci ita kaɗai ba. A tambayi majinyaci kuma ko yana shan diklofenak ko ibufurofen na ciwon jiki, ko wani jiƙo, domin ba kasafai ake faɗa ba sai an tambaya.

A kula da ma'auni. Littattafan Amurka suna rubuta miligiram a desilita. A ninka da 88.4 a samu mikromol. A Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci akan ga miligiram a lita, inda 10 take daidai da 88 namu. Majinyacin da ya zo Katsina da takardar Maraɗi mai lamba 40 yana da kusan 354.

Yuriya, wato U ɗin takardar, wani dattin da ƙoda ke fitarwa, ba ta kai kiriyatinin amana ba: ƙarancin ruwa a jiki da zubar jini a cikin hanji suna ɗaga ta, ciwon hanta ya sauke ta. Ga mai ciwon suga ko hawan jini kuwa, albumin, wani nau'in furotin, a fitsari yakan bayyana shekaru kafin kiriyatinin ya motsa, shi ya sa ake haɗa gwajin jini da na fitsari.

Abin da ke kisa da gaggawa a takardar yana cikin E, jerin gishirin jini, shi ne fotasiyom. Daidai shi ne milimol 3.5 zuwa 5.0 a kowace lita. Idan ya kai 6.5 zuciya na iya tsayawa, ba a jiran zagayen likita na safe. A sanar nan take, a dakatar da duk ƙarin ruwan da ke ɗauke da fotasiyom, a nemi awon zuciya. Jinin da aka matse da ƙarfi ta ƙaramar allura, ko ya daɗe a kan tebur kafin a kai ɗakin gwaji, ko aka ɗiba daga hannun da ake ƙarin ruwa, yana iya ba da lambar ƙarya. A sake ɗiba daga ɗaya hannun, amma a kira likita tun kafin sakamako na biyu ya dawo.