Saɓanin aƙida a harakar OSR

OSR taƙaitaccen suna ne na Old School Renaissance, wato farfaɗo da tsohon salon wasannin taka rawa na kan tebur, inda mutane ke zama su ƙaga labari tare, alƙalin wasa na jagorantarsu, ƙwayoyin jefawa irin na ludo suna yanke sakamako. Tun kafuwar harakar ake jayayya kan wane ne ɗan gida, wane ne bare.

Asali

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a 1974, ƙarƙashin kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kuma a 2000 ya fito da bugu na uku na wasan tare da lasisin OGL, wanda ya halatta wa kowa ya ɗauki ginshiƙan ƙa'idojin ya gina nasa. Da wannan lasisi masu kewar tsofaffin bugu suka sake rubuta su da sababbin sunaye: OSRIC da Basic Fantasy a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008. A 2008 ɗin ne Gygax ya rasu, bugu na huɗu ya fito da tarin ƙa'idojin da tsofaffin 'yan wasa da yawa suka ƙi, Matt Finch kuma ya rubuta gajeriyar ƙasidar da ta fifita hukuncin alƙalin wasa a kan rubutacciyar doka. Sunan OSR ya bazu wajajen lokacin.

Saɓani kan ma'ana

Tsohuwar rigimar ita ce ta ma'auni. Ɓangare ɗaya na ganin wasa bai cancanci sunan ba sai ƙa'idojinsa sun dace da littattafan TSR na 1974 zuwa farkon shekarun 1980, har a iya buga tsohon labari da shi ba tare da gyara ba. Ɗaya ɓangaren ya ce salo ne abin dubawa: mutuwar jarumi da sauƙi, samun maki ta hanyar kwaso dukiya, da dogaro da dabarar ɗan wasa maimakon lambobin da ke kan takardar jaruminsa. A wannan fahimta Into the Odd na 2014 da Mörk Borg na Suwidin duk 'yan gida ne. Masu tsaurin ra'ayi ana kiransu grognard, kalmar Faransanci mai nufin mai gunaguni, wadda aka ara daga laƙabin tsofaffin sojojin Napoleon. Masu bincike kuma sun nuna cewa ko a shekarun 1970 ba salo ɗaya ake bi ba, kowane tebur da al'adarsa.

Siyasa

Masu suka na zargin harakar da ba wa masu wariyar launin fata da ƙyamar mata mafaka. Wasu mambobi na cewa wasa ba ruwansa da siyasa. Wajajen 2018 Stuart Robertson, wanda ya zana tambarin OSR da aka fi sani, ya hana masu yaɗa ƙiyayya amfani da shi. A 2020 Wizards ya liƙa gargaɗi a kan tsofaffin littattafan da yake sayarwa, abin da ya ƙara raba kawuna.

Halin yanzu

Bayan rufe Google+, dandalin sada zumunta da 'yan harakar ke haɗuwa, a 2019 jama'ar ta watse gida-gida, wasu masu ƙirƙira suka koma kiran aikinsu NSR (New School Revolution), wato sabon salo.